Dan Allah a bani shawara: in annobar mura ta zo, ayi wa iyali allura ko a bari?

Maman Amir:

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina rokon wadanda suka san abun da gaske su amsa min, ba irin sakonnin da ake ta turawa a WhatsApp ba.

Tunda aka fara maganar murar tsuntsayen nan a labarai, wai har ta shiga shanu a Amurka wasu ma'aikatan gona sun kamu, nida maigida muke ta ja-in-ja akan abu daya, in annobar mura irin mai zagaye duniyan nan ta zo aka fito da allurar rigakafi, shin zamu yi ko bazamu yi ba. Shi yace babu mai tsira wa yayansa allurar da aka hada cikin gaggawa, wai mura ce kawai, mutum yasha magani ya kwanta ya tashi. Ni kuma wlh hankalina ya kasa kwanciya, don gidan namu ba masu cikakkiyar lafiya bane duka. Amir shekararsa 7 kuma yana da asma, in mura ta kamashi ko ta yau da kullum ce sai kaji kirjinsa na kara kamar usur, kafadunsa na dagawa in zai ja numfashi, ni kuma ina zaune da inhela a hannu har gari ya waye. Kanwarsa shekara 3. Ni ina dauke da ciki wata 5. Ga Hajiyarsa tana tare damu, ta haura 65 kuma tana da ciwon suga.

A lokacin korona haka muka yi ta rigimar nan cikin tsoro da jita-jita, kowa da abinda yake fada, bana so a sake maimaitawa, gara mu yanke shawara tun yanzu da hankalinmu yake jikinmu. Kuma gaskiya nima ina da tsoro ta bangaren allurar, in nice na dage aka yi wa yaro sannan wani abu ya sameshi, da wane ido zan kalli babansa? In kuma na biye masa ba'a yi ba cutar ta illata wani a cikinsu, wannan ma bazan yafe wa kaina ba. Mai ciki ma tana iya yi kuwa? Kuma da gaske ne allurar ita ke sa mutum murar?

Abu Sadiq:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raba lafiya, ya kara wa Amir sauki. Ni dai ina bayan maigidanki a wani bangare, kuma ba jita-jita zan kawo miki ba, abubuwa ne da suka faru kowa zai iya bincikawa.

A 1976 a Amurka wani soja ya mutu da murar aladu a sansanin Fort Dix, hankalin gwamnati ya tashi suna ganin annobar murar 1918 ce zata dawo, shugaba Gerald Ford ya fito yace a yiwa kowa da kowa allura. Mutum sama da miliyan 40 aka yiwa. Annobar bata zo ba sam. Abinda ya biyo baya shine aka fara ganin ciwon shanyewar jiki da ake kira Guillain-Barré a cikin wadanda aka yiwa allurar, wasu ma suka rasu, dole a watan Disamba na shekarar aka dakatar da shirin gaba daya. To wadannan mutanen lafiyarsu kalau kafin su mika damtse.

Sannan 2009 da aka yi murar aladu, akwai wata allura Pandemrix da aka yi amfani da ita a Turai. A 2010 kasashen Finland da Sweden suka fara ganin yara da matasa na kamuwa da wani ciwon barci, yaro yana zaune a aji ko yana cikin magana barci ya kwasheshi, wani in yayi dariya jikinsa ya saki ya zube kasa, kuma ciwo ne da baya warkewa, sai dai ayi ta lallabawa da magani har karshen rayuwa. Iyayen yaran nan suma ce musu aka yi babu komai.

Kuma ita annobar ta 2009 an zuzuta ta fiye da yadda ta zo. Faransa kadai allura miliyan 94 ta yi oda, karshe sai da ta soke miliyan 50 saboda mutane basu fito ba kuma cutar ta lafa. Kamfanoni sun ci kudinsu. Har majalisar Turai sai da ta tuhumi yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tafiyar da lamarin.

Ni ba dan adawa da rigakafi bane, yarana duk anyi musu na kyanda da sauransu, wadannan an dade ana yinsu an san halinsu. Amma sabuwar allura da aka fito da ita cikin wata shida, ni sai na tsaya naga yadda ta karbi wasu tukuna. Wannan shine ra'ayina, Allah ya sa mu dace.

Anti Nas:

Maman Amir sannu da ƙoƙari, Allah ya sauke ki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren yara da masu ciki, zan ɗan yi tsawo ki yi haƙuri.

Da farko abin da Malam Abu Sadiq ya kawo duk gaskiya ne, ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba, kuma na fi son a riƙa faɗin su a fili don ɓoye su ne ke sa mutane su daina yarda da mu. Amma bai faɗi adadin ba, kuma a nan maganar take. Na 1976, ƙarin da aka samu na ciwon shanyewar kusan mutum 1 ne cikin 100,000 da aka yi wa allurar. Tun daga lokacin ake sa ido a kai duk shekara, kuma a allurar mura ta yanzu in ma an samu bai wuce 1 ko 2 cikin miliyan ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ita kanta murar tana jawo wannan ciwon, kuma ta fi allurar jawo shi. Na Pandemrix kuwa, a Finland an ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 16,000 tsakanin shekara 4 zuwa 19, wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ni ba zan raina shi ba, rayuwar yara ce ta canza. Sai dai samfurin allura ɗaya ne, a 2011 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita yin sa ga 'yan ƙasa da shekara 20, yanzu ma babu shi a kasuwa, kuma alluran da aka yi amfani da su a Amurka a wannan annobar an bincika ba a ga sun jawo wannan ciwon ba.

To yanzu mu duba ɗaya ɓangaren. Murar da ake magana ba irin ta atishawa da yoyon hanci ba ce, ƙwayar cutarsu ma daban. Wannan farat ɗaya take kada mutum, zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka duka, busasshen tari, kuma tana iya sauka huhu ta zama nimoniya. Ko ba annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Annoba kuma ita ce lokacin da sabon nau'i ya ɓullo wanda garkuwar jikin yawancin mutane ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Ta 1918 ta kashe kusan miliyan 50, kuma majiya ƙarfi 'yan 20 zuwa 40 ta fi ɗauka. An sake yi a 1957 da 1968, kowacce ta ci kusan mutum miliyan ɗaya.

Ita ta 2009 da ake cewa ba ta yi komai ba, adadin da aka fi yaɗawa shi ne kusan 18,500, amma waɗannan su ne kawai aka yi wa gwaji aka tabbatar. Da aka zauna aka yi lissafi daga baya, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta tsakanin 151,700 zuwa 575,400 a shekarar farko, kuma kusan kashi 80 cikin 100 ba su kai shekara 65 ba. A murar kowace shekara tsofaffi ne suka fi mutuwa, a wannan kuwa yara ne da matasa da masu ciki.

Shawarata gare ki, ku daina tambayar "za mu yi ko ba za mu yi ba" kamar gidan mutum ɗaya ne. Ku ɗauki kowa shi kaɗai.

Ke ce ta farko. Ciki yana sassauta garkuwar jiki, zuciya na ƙarin aiki, in ya tsufa kuma ya tokare huhu numfashi ya ragu. A 2009 a Amurka masu ciki kusan kashi 1 ne cikin 100 na jama'a amma su ne kusan kashi 5 na waɗanda suka mutu. Ban da haihuwar bakwaini da zazzaɓi mai zafi ke jawowa. Shi ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun farko na waɗanda ya kamata a yi wa allurar mura. Ta damtse ake yi muku, a kowane wata na ciki, babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Kuma ga abin da na fi so iyaye su sani, jariri ƙasa da wata 6 ba a yi masa allurar mura kwata-kwata, kariyarsa ɗaya ita ce wadda ya samu daga jikin uwa ta mabiyiya. An yi bincike a Bangladesh, an wallafa a 2008, jariran da aka yi wa iyayensu allura da ciki murar ta ragu a cikinsu da kashi 63 cikin 100. Kuma kin ga cikin nan naki ba zai jira annoba ba, don haka in kin je awo ki tambaya ko ana samun ta shekara-shekara a inda kike.

Amir shi ne na biyu, kuma wallahi a kansa ba na ko ɗar. Yaran da na fi gani an kawo suna haki an sa musu oksijin a lokacin mura masu asma ne da masu sikila. Abu ɗaya kawai, akwai wadda ake fesawa a hanci, ita tana da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a ba masu ciki ita, haka ma ba a ba yaro mai asma irin tasa, ta allura za a yi masa. Ƙanwarsa ma tana cikin masu haɗari don 'yar ƙasa da shekara 5 ce. Su biyun in ba a taɓa yi musu ba sau biyu ake yi, mako 4 tsakani.

Hajiya kuma shekaru da suga sun haɗu. Mura na hargitsa suga ya ƙi saituwa, kuma wani bincike a Kanada a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 6 a makon farko na murar.

Maigida shi ne mai ƙaramin haɗari in lafiyarsa ƙalau, amma shi ke fita ya shiga jama'a, kuma mutum na fara yaɗa ta kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa.

Tambayarki ta ƙarshe, a'a, ta damtse ba ta sa mura. Wurin zai yi tsami, wani ya ji ɗan zazzaɓi da kasala kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Amma tana ɗaukar kusan mako 2 kafin ta fara aiki, wanda ya kwashi cutar a tsakanin sai ya ce allura ce. Kuma ba ta kariya ɗari bisa ɗari, a shekarar da ta dace da nau'in da ke yawo tana rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 ne, wata shekarar ma ƙasa da haka. Duk wanda ya ce miki in an yi ba za a kamu ba bai faɗa miki daidai ba. Amma ko an kamu ta fi zuwa da sauƙi.

Ummu Hanan:

Anti Nas Allah ya biyaki. Ni bani da ilimin likitanci amma naga abun da idona a jikin yayata, tana da tsohon ciki mura ta kamata, duk muka dauka ta kwana biyu ce, tana ta cewa kar a damu zata ware. Ranar da na shiga dakinta na tarar ta jingina da bango ta kasa kwanciya, in zata yi magana sai ta tsaya a tsakiyar kalma ta ja numfashi, lebenta ya canza kala. Kafin a isa asibiti ta fara fita hayyacinta. Karshe tiyata aka yi aka ciro yaron bai kai ba, ita tana wani daki da abun oksijin a hanci shi yana cikin kwalba, uwa bata ga danta ba sai bayan kwanaki. Allah ya tashi kafadarsu dukkansu amma har yau yaron kirjinsa bashi da kwari.

Maganar maigida kuma yar uwa, karki mayar da ita gardama ta waye ya fi sani, namiji in yaji kamar ana so a kureshi ko yaga gaskiya bazai sauko ba. Shima tsoron da kike ji akan yaran shi yake ji, ta wata fuskar ce kawai. Ki lallabashi ya rakaki awo ko ranar ganin likitan Amir, ya yi tambayoyinsa da bakinsa yaji amsa da kunnensa. In kuma ya kawo maganar kaddara, ai Sayyidina Umar da ya doshi Sham yaji ana annoba juyawa yayi da jama'arsa, da aka ce masa gudun kaddarar Allah kake yace eh, daga kaddarar Allah zuwa kaddarar Allah. Neman kariya baya warware tawakkali.

Abu Sadiq:

Anti Nas nagode da bayani, kuma naji dadi da baki karyata abinda na kawo ba kamar yadda wasu keyi. Akan mai ciki da yaro mai asma da tsohuwa bani da ja, hadarin cutar a kansu ya fi. Amma har yanzu baki amsa min maganar gaggawa ba. Illar da ke samun mutum 1 cikin 16,000 ta yaya za'a ganta a gwajin da aka yi da mutum dubu kadan? Ai sai an yiwa miliyoyi sannan ta fito, kenan wadanda suka fara karba sune yan gwajin. Me zai hana lafiyayyen mutum kamar ni ko yarinyar nan yar shekara 3 mu jira wata uku ko hudu muga abinda zai faru?

Mai Harhaɗa Magani:

Malam Abu Sadiq bari in amsa wannan tunda ɓangarena ne. Maganarka ta farko haka take, illar da ba ta cika faruwa ba gwajin farko baya kama ta, ba a allura kaɗai ba, duk wani magani da ke kan kanta haka ne, shi ya sa ake ci gaba da bibiya bayan an fitar. Wannan ba wanda zai musa maka.

Amma kalmar "sabuwa" ɗin nan a duba ta. Allurar mura tun shekarun 1940 ake yin ta, kuma kusan duk shekara sai an canza nau'in ƙwayar da ke ciki saboda cutar na sauya kama, Hukumar Lafiya ta Duniya na zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta faɗi nau'in da za a sa. Yawanci a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar, a kashe ta, a tace, a ɗura a kwalba, aikin na cin kusan wata 6. Haka ake yi kowace shekara ba sai da annoba ba. To in annoba ta zo masana'antar ita ce dai, hanyar ita ce dai, nau'in ƙwayar ne ya canza. Ita kanta ƙwayar 2009 ɗin ba ta tafi ko'ina ba, ta zama cikin murar shekara-shekara, kuma tun 2010 tana cikin allurar da ake yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane. Inda ya kamata mutum ya yi tambaya shi ne in an ƙara wani sinadari na zaburar da garkuwa don allurar ta wadatar da mutane da yawa, kamar yadda Pandemrix take da shi. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan allurar, wane kamfani, an amince a yi wa masu shekarun ɗanka ko a'a, kuma a rubuta maka lambar rukunin a kati.

Matsalar jira kuma ita ce annoba ba ta jiran ka. Dubi 2009, an gano cutar a Afrilu a Meziko da Amurka, 11 ga Yuni aka ayyana ta annoba, allura ba ta fara isa hannun mutane a Amurka ba sai Oktoba, kuma a wannan watan cutar ta kai ƙololuwa, kafin allurar ta wadata guguwar ta riga ta wuce ta kan mutane da yawa. Ƙasashe marasa ƙarfi ma sai cikin 2010 ta isa musu. Ka lissafa wa yarinya 'yar shekara 3, allura ta farko, mako 4, ta biyu, sannan mako 2 kafin kariya ta kankama, wata ɗaya da rabi ke nan ko da yau aka fara. In ka ɗora wata huɗu na jira a kai, ka yi allurar bayan an gama yaƙin. Kuma a zahiri yawancinmu jiran dole ma za mu yi, kafin ta iso gare mu an riga an yi wa miliyoyi a ƙasashen da ke ƙera ta, bayanan da kake son gani za su riga allurar zuwa.

Kai lafiyayye in ka ce za ka jira a kan kanka, ina ganin magana ce da za a iya saurara, ya danganta da zafin cutar. In irin ta 2009 ce haɗarinka kaɗan ne. In mai zafi ce lissafin ya juye gaba ɗaya. 1976 kuskurensu shi ne sun yi wa mutane allurar cutar da ba ta yaɗu ba, sai ya zama illa kawai aka kwasa babu amfani. In cuta na cika asibitoci a gabanka ba wannan yanayin ba ne.

Maman Amir game da murar tsuntsayen da ta tayar miki da hankali, H5N1 sunanta, tun 1997 aka fara ganinta a jikin mutane a Hong Kong, a Maris 2024 aka same ta a shanun madara a Amurka. Abin tsoron ta shi ne cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu tun 2003 kusan rabi sun mutu, abin kwantar da hankalin kuma daga dabba ake ɗaukarta, ba ta koyi yawo daga mutum zuwa mutum yadda annoba ke yi ba. Allurar shekara-shekara ba ta kare wannan, in ta rikiɗe sai an yi tata daban. Yanzu dai a hana yara taɓa mataccen tsuntsu ko kaza mara lafiya.

Maman Amir:

Kai jama'a nagode sosai Allah ya saka da alheri, Malam Abu Sadiq kaima nagode don tambayoyinka sune ainihin na maigida. Na tura masa duka ya karanta, bai ce komai ba tukuna amma yace zai bini ranar awo. Saura abu biyu Anti Nas, naga ance a kwai ake hadata, ita karamar in taci kwai jikinta na fitar da kuraje yana kaikayi, to ya kenan? Sannan in cutar ta riga allurar shigowa gida me zanyi, akwai maganin da zan ajiye?

Anti Nas:

Maganar ƙwai ki kwantar da hankalinki. Abin da ke saura na ƙwai a cikin allurar ɗan mitsitsi ne ƙwarai, an yi ta bincike a kai, yanzu ana yi wa masu wannan matsalar kamar kowa. Akwai ma waɗanda ba a ƙwai ake yin su ba. Ki dai faɗa wa mai yin allurar tun kafin, kuma kowa a gidan bayan an yi masa ku zauna minti 15 kafin ku tafi, don mummunan bori na jiki, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin miliyan, yawanci ba ya daɗewa yake zuwa kuma akwai allurar da ke kwantar da shi nan take. Wanda ba a yi wa shi ne wanda allurar mura ta taɓa yi masa irin wannan borin, wanda kuma ya taɓa yin Guillain-Barré sai ya ga likita tukuna. In yaro na zazzaɓi mai zafi ranar a bari ya warware, ɗan yoyon hanci baya hanawa.

In cuta ta riga shigowa, akwai magani Tamiflu, amma likita ne zai rubuta, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48 da fara ciwo. Don haka ke da Amir da Hajiya da ƙaramar babu zancen bari mu gani zuwa jibi, ranar da zazzaɓi ya fara ranar za ku nemi likita, kuma ki faɗa musu kina da ciki tun daga bakin ƙofa. Antibayotik baya kashe ƙwayar mura, sai in likita ya ga wata cutar ta hau kai. Zazzaɓi farasitamol, ke ma shi za ki sha kar ki bar jikinki ya yi zafi sosai. Kar a ba yaro asfirin a lokacin mura ko kaɗan, yana iya jawo wani ciwo da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Inhelar Amir kar ta ƙare a gida, in yana da ta kullum ta kariya kar a tsallake. Mara lafiya a ware masa ɗaki in da hali, a buɗe tagogi, mai jinya ya sa takunkumi ya yawaita wanke hannu, kuma in zai yiwu kar ya zama ke ce mai jinyar.

Abubuwan da in kin gani ko tsakar dare ne ku tafi asibiti: yaro na numfashi da sauri ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, leɓe ko farce ya yi shuɗi-shuɗi, ya ƙi shan komai ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, jijjiga, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko ya ji sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da tari mai tsanani. Hajiya in ta fara ruɗewa ko ciwon ƙirji ko suga ya ƙi sauka. Ke kuma in numfashi ya yi miki wuya ko kika ji motsin ciki ya ragu. Ranar awon ku tafi da katin rigakafin yaran duka biyu da inhelar Amir, likita zai so ya gani.